Manyan Batura a Tsakiyar Birni: Inda Gaskiya Take da Inda Aka Ƙara Gishiri

Jihar New York ta Amurka ta ɗaura aniyar girke manyan batura masu ƙarfin megawat 6,000 kafin shekarar 2030, kuma kaso mai tsoka a cikin birnin ake son a ajiye su, musamman a tsofaffin filayen masana'antu da ke maƙwabtaka da tashoshin rarraba wuta. A unguwar Astoria, an tsara kafa tasha mai megawat 100 a filin tsohuwar tashar wuta ta Poletti. A Staten Island mazauna sun yi ta zanga-zanga, wasu ƙananan hukumomin jihar ma sun dakatar da ba da izini. Maganganun da ke yawo kuwa sun cakuɗe: akwai gaskiya tsagwaronta, akwai wadda aka ƙara wa gishiri, akwai wadda ba ta da tushe balle makama.

Irin wannan tasha ba ta samar da wuta. Kwantenoni ne jere, cike da baturan litiyam, suna shan wuta lokacin da take da yawa da arha, su mayar wa babban layi lokacin da kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Aikinta kamar na tankin ruwa ne a saman gida, abin da aka zuba masa shi zai bayar. Har ma takan ci wani abu a hanya, don kusan kashi 85 cikin ɗari na abin da ta sha take mayarwa, kuma yawancinsu awa huɗu suke yi da cikakken ƙarfi. Saboda haka masu cewa batir zai kawo ƙarshen ɗauke wuta sun wuce gona da iri. Duhun kwanaki irin wanda Arewacin Najeriya ta shiga a watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya fi ƙarfin kowane batir.

Maganar gobara gaskiya ce, kuma duk kamfanin da ya yi wa jama'a rufa-rufa a kanta bai kyauta ba. Idan ƙwayar batir ɗaya ta lalace ta ɗau zafi, takan zafafa ta kusa da ita, ita ma ta zafafa ta gaba, kuma ruwa ba ya kashe irin wannan wuta da sauƙi. Shi ya sa sau da yawa 'yan kwana-kwana kan bar kwantenar da ta kama ta cinye kanta, su mayar da hankali ga sanyaya na kewaye. A ranar 16 ga Janairun 2025, tashar kamfanin Vistra da ke Moss Landing a Kaliforniya ta kama da wuta. An kwashe mutane fiye da 1,000 daga gidajensu, aka rufe babbar hanya. Hotunan wannan dare su ne masu adawa suka fi ɗagawa a tarurruka, kuma ba ƙirƙirar su aka yi ba.

Sai dai hoton ba ya faɗin yadda aka gina tashar. An jibge baturan megawat 300 ne a cikin rufaffen gini guda, tsohon zauren injinan tashar wuta, kuma nau'in batir ne mai nikel da manganis da kobalt, wanda ya fi saurin ɗaukar zafi. Da wuta ta tashi, ba abin da zai tare ta. A kwatanta da abin da ya faru kusa da Geelong a Ostireliya a watan Yulin 2021, inda wata tasha mai irin wannan ƙarfi ta kama lokacin gwaji, sakamakon yoyon ruwan sanyaya batir. Kwantenonin Tesla ne fiye da 200 a sararin fili, da tazara tsakanin jeri da jeri. Biyu suka ƙone, ba wanda ya ji rauni. A ganina nan ne zuciyar maganar take, domin tsarin gini shi ke raba gobarar kwantena biyu da gobarar da za ta tashi gari. Yawancin sababbin tashoshi sun koma kwantenonin waje da batir mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi jure zafi. Cibiyar binciken lantarki ta EPRI ta ƙiyasta cewa yawan haɗurra, idan aka auna da yawan baturan da aka girke, ya ragu da kashi 97 cikin ɗari tsakanin 2018 da 2023.

Masu kiran tashar bom a bayan gida sun ƙara gishiri, amma maganarsu tana da asali. A watan Afrilun 2019, a garin Surprise na jihar Arizona, iskar gas ta taru a cikin wata rufaffiyar ma'ajiyar batura. 'Yan kwana-kwana suka buɗe ƙofa, ta fashe, huɗu suka ji munanan raunuka. A Beijing a 2021, irin wannan fashewa ta kashe 'yan kwana-kwana biyu, kuma baturan nau'in ƙarfe da fosfet ne, wato shi ma sabon nau'in ba a ce ba ya ci da wuta ba. A duka biyun, waɗanda suka matsa kusa abin ya rutsa da su, ba unguwa ce ta rushe ba. Ƙa'idojin gini na yanzu sun tilasta na'urorin gano gas da hanyoyin fitar da shi kafin ya taru.

Akwai wani ruɗani da ya fi ƙarfi a New York. A 2023 gobarar baturan litiyam ta kashe mutum 18 a birnin, sai ake jingina wannan adadi ga manyan tashoshi. Waɗannan mutuwa daga baturan kekuna da babura masu lantarki suka fito, galibi marasa inganci, da ake caji a cikin ɗaki ko a bakin ƙofar fita. Manyan baturan kuwa sai hukumar kashe gobara ta birnin ta tantance samfurinsu kafin a girke su.

Batun guba yana buƙatar taka-tsantsan. Hayaƙin batir mai ci da wuta yana ɗauke da iskoki masu cutarwa, kuma umarnin a rufe tagogi ko a bar gida ba wasa ba ne. Bayan gobara uku da aka yi a jihar New York a 2023, a East Hampton da Warwick da Chaumont, Gwamna Kathy Hochul ta kafa kwamitin bincike, wanda ya ce gwajin iska da ƙasa da ruwa bai nuna guba a matakin cutarwa ba. A Moss Landing kuwa, masu bincike na jami'ar jiha ta San Jose sun gano ƙaruwar nikel da manganis da kobalt a ƙasar fadamar da ke kusa. Duk wanda ya ɗauki ɗayan sakamakon ya ɓoye ɗayan, rabin labari ya ba jama'a.

Cewa tashar tana fitar da tururi irin na nukiliya mai haddasa ciwon daji, wannan ƙarya ce. Babu sinadarin nukiliya a batir, kuma idan tana aiki lafiya ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan. Ƙara kam akwai: fankoki da tiransifomomi suna gunji dare da rana, kuma maƙwabci yana da haƙƙin neman katangar da za ta rage shi.

To me ya sa ba za a kai ta daji ba? Saboda a cikin birni ake buƙatar wutar, kuma layukan da ke shigo da ita sukan cika a ranakun zafi. A irin waɗannan ranaku ake tayar da tsofaffin injinan gas da mai a Astoria da Kudancin Bronx, unguwannin da ciwon asma ya yi wa yara katutu. Batir yana iya rage tayar da su, wannan gaskiya ne. Amma zuwansa kaɗai ba ya rufe tsohon inji, sai hukuma ta sa ranar rufewa a rubuce.

Abin da ke damuna shi ne yadda zancen bom da nukiliya ke cinye lokacin taron jin ra'ayin jama'a, alhali tambayoyin da za su tsare kamfani suna nan ba a yi su ba. Wane nau'in batir ne, kuma a cikin gini za a sa shi ko a waje? Mita nawa ne zuwa gida ko makaranta mafi kusa? An ƙona samfurin da gangan an ga ko wuta tana tsallakawa zuwa kwantena ta gaba? An horar da 'yan kwana-kwanan yankin, kuma ina ruwan kashe gobara zai kwarara? Sannan wa zai biya kuɗin kwashe baturan idan sun tsufa ko sun ƙone? Wannan ta ƙarshe ya kamata a ga amsarta a takardar izini, da kuɗin da aka ajiye a gefe tun farko. A Moss Landing sai da aka shafe watanni bayan gobarar kafin a fara kwashe baturan da suka lalace, ƙarƙashin sa idon hukumar kare muhalli ta Amurka.