Hukumar Da Ke Tsare Lafiyar 'Yan Ƙwadago

A ƙasar Amurka akwai wata jiha, sunanta Kalifoniya. Tana da manyan gonaki na inabi da lemo da tumatir. Masu gonakin su kan ɗauki dubban 'yan ƙwadago. Yawancinsu talakawa ne daga ƙasar Meziko.

A shekarar 1973 Gwamnatin jihar ta kafa wata hukuma, ana kiranta Cal/OSHA. Aikinta shi ne ta ga ba a cuci lafiyar ma'aikaci a wurin aiki ba.

Dukanmu mun san ciwon bayan da noma a duƙe ya ke sawa. Amma mai noma gonarsa, in ya gaji sai ya miƙe. Ɗan ƙwadago a can ba shi da wannan dama. A kan ba shi fartanya mai gajeriyar ƙota, ya yini a duƙe. Da ya miƙe, mai tsaron aiki ya gan shi. Da yawa bayansu ya lalace tun ba su tsufa ba. Suka kai ƙara kotu, suka yi nasara. A shekarar 1975 aka hana sa su noma da irin wannan fartanya.

Sai kuma batun rana. A shekarar 2005 zafi ya kashe waɗansu ma'aikata a gonaki. Saboda haka aka kafa sabuwar doka. Ga abin da ta ce:

1. Mai gona ya ba da ruwan sha mai sanyi kyauta, kusan lita 1 ga kowane mutum a kowace awa.
2. In rana ta yi zafi, ya tanadi inuwa kusa da wurin aiki.
3. Wanda ya ji zafi ya dame shi ya shiga inuwa ya huta, aƙalla minti 5.

To, yaya a ke sanin ana bin doka? Hukumar tana da masu dubawa. Su kan zo gona ba sanarwa. Wanda aka kama da laifi a ci shi tara. Ma'aikaci kuma yana iya kai ƙara, a ɓoye sunansa. Laifi ne a kore shi don ya yi ƙara.

Amma masu dubawa kaɗan ne, gonaki kuwa da yawa. Don haka a kan rubuta dokokin a manna a wurin aiki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa kansa, ya san hakkinsa. Wanda bai iya ba, sai abin da mai gona ya gaya masa.