Ƙera jitar bas da hannu: abin da za mu sani kafin asusu ya ba da bashi

Tun da aka soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, bashin da muka saba bayarwa na kiwo ne, da man gyaɗa, da tuyar ƙosai. Amma ɗiyanmu sun girma, sana'o'insu ba irin namu ba ne. In wata cikinmu ta ce tana neman bashi don ɗanta kafinta ya ƙera jita ya sayar, me za mu ce mata? Kafin mu ce i ko a'a, gara mu san aikin.

Bas ita ce jita mai kaurin murya, mai tsirkiya 4, wadda ake jin gurnaninta har cikin ƙirji a wajen biki. Wanda ya yaɗa ta a duniya wani mutumin Amurka ne, Leo Fender, a 1951. Shi ba makaɗi ba ne, mai gyaran rediyo ne. Dubararsa ita ce ya raba aikin gida biyu: a sassaƙa gangar jiki daban, wuya daban, a haɗa su da ƙusoshi 4 masu murɗi. Shi ya sa har yau kafinta mai haƙuri yake iya yin ta a rumfarsa.

Farkon aiki katako ne, kuma sai busasshe ƙarau. Kun san yadda ƙofar katako take ƙin rufuwa da damina, ta tsage da hunturu. Haka wuyan jita zai yi in katakon ɗanye ne. A Amurka suna da itatuwansu, amma dangin maɗacinmu ma ana jita da shi a ƙasashe da dama. Sai dai kada yaro ya je ya sare maɗaci ya ja wa uwarsa tara wajen ma'aikatan gandun daji. A saya a kasuwar katako. Kaurin gangar jikin kamar santimita 4 da rabi ne, ana fafe gurbin wuya da na wayoyi a ciki.

Wuya shi ne wurin da ake gane gwani. Tsirkiyoyin nan 4 na ƙarfe ne, in aka ɗaure su suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70 ko fiye. Don haka ake binne sandar ƙarfe a cikinsa, wadda ake murɗawa a miƙar da shi in ya fara lanƙwasa. A bisa wuyan kuma ake kafa ƴan siraran ƙarafa kamar 20, inda makaɗi yake danna yatsa. Nan ba a aiki da ido. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa inda ta hau gada milimita 864 ne. Ƙarfen farko yana zama a milimita 48 da rabi, na 12 kuma a tsakiya daidai, milimita 432. In awon ya goce ko kaɗan, muryar ta karkace ke nan, kuma babu makaɗin da zai saya komai kyan fentinta.

Sai abin da makaɗa suke kira mikro, wato kunnen jitar. Maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, naɗi dubbai. In tsirkiya ta kaɗa a samansa, sai ya haifar da ɗan kuran, ya bi waya zuwa ampili, ampili ya ƙara shi ya fito ta lasifika. Jitar irin ta Fender ba ta cin batir, ampili ne mai cin wuta. Haɗa wayoyin da dalma aikin mai gyaran rediyo ne, kuma in ya manta wayar da ake haɗawa da gada, jitar za ta yi ta zuuu kamar zuma.

Kada mu ce wannan abin Turawa ne. Iyayenmu sun ƙera gurumi da goge da ƙwarya da fata. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, jitarsa ta farko shi ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke, yau yana wasa a Turai da Amurka. Fatou Seidi Ghali ta Illighadad, wajen Abalak, da jitar wanta ta koya, ita ma ta zagaya ƙasashe da ƙungiyarta. Masu kiɗa akwai su a Agadez da Yamai da garuruwanmu, kuma kayansu suna lalacewa.

To, ina ruwan asusu? Ga inda gizo yake saƙa. Katako da gam da fenti ana samu a gida, amma tsirkiya da maɗauranta da mikro daga waje suke zuwa, su ne masu cin kuɗi. Aikin kuma ba na kwana 3 ba ne: sassaƙa, goga, jiran gam da fenti su bushe, makonni ne. Bashinmu kuwa gajere ne. Ƙosai kike toyawa da safe ki ƙirga kuɗinki da hantsi. Jita tana iya wata da watanni a rataye ba mai saye, alhali ranar biya ba ta jira. Wadda za ta ji kunya gaban akwati uwar ce.

Shawararmu ita ce a bi abin daki-daki. Yaro ya fara da gyara: sauya tsirkiya, miƙar da wuya, ɗinke wayar da ta tsinke. Gyara kuɗin hannu ne, kuma nan zai san cikin jita da bayanta. Bashin farko ya tafi ga kayan aiki, kamar ma'auni na ƙarfe mai milimita, kurfi, zarto da ƙarfen dalma, don ko jita ba ta karɓu ba za su yi aikin kafinta da na rediyo. Sabuwar jita kuma kada a fara ta sai mai so ya ba da kafin alƙalami da zai sayi kayan waje, a rubuta a takarda gaban shaidu. Uwar da ta ci bashin ta kasance da tata sana'ar da za ta iya zubi da ita ko aikin ya yi jinkiri.

In yarinya ce ta nuna sha'awa, kada a kore ta. Hannun da ya iya ƙirga zaren saƙa zai iya naɗa wayar mikro. Ku kai maganar nan taronku na mako, ku tattauna, ƙungiyar da ta taɓa ba da bashi a kan sana'a irin wannan ta aiko mana da yadda ta kaya. Allah ya sa albarka a asusunmu da ɗiyanmu, amin.