Kaki Ake Nema, Ba Yawu Ba

Na'urar GeneXpert ta daɗe da shigowa asibitocinmu domin gano tarin fuka, amma har yau tun daga gida ake ɓata mata aiki. Za a ba mai tari 'yar roba a ce ya kawo kaki, sai ya tofa yawu a ciki ya miƙa. Wani kuwa maigida ne, zai karɓi robar matarsa da safe, ya jefa a aljihu, ya wuce kasuwa, sai la'asar ya tuna. In sakamako ya fito ba a ga komai ba, sai ka ji yana cewa ai dama sanyi ne. Haba jama'a!

A da, da madubin ƙara girma ake duba kaki, in ƙwayoyin cutar ba su da yawa sai su kuɓuce wa mai dubawa. In kuma rainonsu za a yi a ɗakin gwaji, ana iya shafe makonni shida ana jira. Ita wannan na'ura ƙwayar halittar cutar take farauta, wato DNA, ta yi ta kwafarta har ta yawaita yadda za a shaida ta. Cikin kamar awa biyu za ta faɗa ko tarin fuka ne, ta kuma nuna ko irin wanda ya bijire wa maganin rifampicin ne, don kada a ɗora mutum kan maganin da ba zai yi masa aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, Nijeriya kuma ta mayar da ita gwajin farko a 2016. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

To amma me za ta kwafa in ba a kawo mata komai ba? Cutar a huhu take zaune, abin da ya fito daga can ake bukata. Kurkure bakinka da ruwa zalla, ka fita sarari nesa da mutane, ka ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan ka yi tari daga ƙirji har mai kaurin ya fito. Rufe robar gam, kada rana ta doke ta, ka kai ta a ranar. Yaron da ba ya iya kaki, ana gwada bayan gidansa, saboda haka ba uzuri ba ne.

Sai masu fara biyawa kemis su sayi ciprofloxacin. Tarin zai ɗan lafa, cutar na nan tana ci, kana kuma raba ta ga 'ya'yanka a ɗaki ɗaya.

Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, don Allah ya je asibiti ya nemi wannan gwaji, ya kuma ba su kaki na gaske.