Agadas: Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, kwamfuta ce ba ta faɗin abin da ta rasa

Gidaje da dama a Agadas suna da ɗa ko ƙane a Libiya, Aljeriya, Turai, ko wuraren haƙar zinare na Djado da Tchibarakaten. Takardun da a da ake damƙa wa direba ya kai, yanzu ta waya suke tafiya: hoton fasfo, takardar haihuwa, sakamakon asibiti, bidiyon ɗaurin aure.

Matsala takan taso ne idan an kai saƙon shagon buga takardu. Mai shago ya danna hoton, kwamfuta ta ƙi buɗewa. Wani lokaci ta ce ba ta san wannan nau'in fayil ba. Idan bidiyo ne, sai ta jefo lamba irin 0xc00d5212 tare da ɗan rubutu da Faransanci ko Ingilishi. Daga nan sai a yanke hukunci cewa fayil ya lalace, a sake kiran wanda ya aiko, shi kuma ya rantse cewa a wayarsa yana buɗewa garau.

Dukansu gaskiya suka faɗa. Fayil ɗin bai lalace ba. Wata ƙaramar manhaja ce kwamfutar ba ta da ita, kuma ba ta yi bayanin haka da harshen da mutum zai gane ba.

Daga ina matsalar ta samo asali?

Tun 1992 duniya ta saba da hoto nau'in JPEG, wanda kusan kowace na'ura ke buɗewa. A 2017, da fitowar iOS 11, kamfanin Apple ya sauya yadda iPhone ke adana hotuna zuwa HEIC, bidiyo kuma zuwa HEVC. Dalilinsa mai kyau ne: hoton yana cin kusan rabin wurin da JPEG ke ci, ba tare da kyansa ya ragu ba. Wasu wayoyin Samsung ma suna da wannan zaɓi.

Sai dai fasahar HEVC, wadda aka kammala tsara ta a 2013, tana da masu haƙƙin mallaka da yawa, kuma duk kamfanin da ya saka ta a kayansa sai ya biya su. Shi ya sa kwamfutoci masu Windows da yawa ba sa zuwa da ita. Microsoft ya ajiye ta a shagonsa na intanet a matsayin ƙari: HEIF Image Extensions kyauta ce, HEVC Video Extensions kuwa ana sayar da ita a kan santi 99 na dalar Amurka. Hoton iPhone yakan buƙaci duka biyun kafin ya buɗe.

Kuɗin bai kai jaka guda ta sefa ba. Amma shagon na son katin banki, alhali harkar kuɗin jama'a a nan ta fi tafiya hannu da hannu, ko ta Nita, Amana da Airtel Money. Wanda yake da kuɗin a aljihu ba shi da hanyar miƙa su. Idan kuma kwamfutar 'yar gwanjo ce mai Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, shagon ma babu shi a cikinta.

Asarar da saƙo maras bayani ke jawowa

Asarar farko ita ce lokaci da kuɗin data. Ana sake aiko da fayil sau uku, sau huɗu, kuma kowane karo amsa ɗaya ce, domin nau'in bai canza ba. Ga ɗalibin Jami'ar Agadas da ke son tura takardun neman tallafin karatu kafin a rufe, ko iyalin da ke jiran likita ya duba sakamakon gwaji, kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Ta biyu ta fi ciwo: wasu na goge fayil ɗin da suka ɗauka matacce ne, alhali ƙila shi kaɗai ne hoton da ya rage na wani biki ko na wani mamaci.

Ta uku ita ce tarko. Wanda kwamfuta ta bari a duhu zai shiga intanet neman mafita, kuma can 'yan damfara ke jiransa. Tun ƙarshen 2005 aka gano wata muguwar manhaja mai suna Zlob, wadda ke zuwa da sunan ita ce ƙarin da ake buƙata don kallon bidiyo. Har yau dabarar na aiki. A shagon da takardun mutane da dama ke bi ta kwamfuta ɗaya, kuskure ɗaya ya isa ya fallasa su duka.

Akwai ma lokacin da kwamfuta ba ta cewa komai. Wanda ya taɓa buɗe takarda da aka rubuta da Tifinagh, haruffan Abzinawa, ya tarar da jerin ƙananan akwatuna a madadin rubutu, ya san wannan. Haka takan faru da ƙ, ɗ da ɓ na Hausa. Rubutun na nan daram, samfurin haruffan ne babu a na'urar. Google ya samar da haruffan Noto kyauta domin magance wannan, kuma akwai na Tifinagh a cikinsu.

Masu ƙera manhaja sun san gyara

Tun 1994 masanin tsara manhaja Jakob Nielsen ya sa wannan cikin ƙa'idojinsa goma: saƙon kuskure ya zo da harshe mai sauƙi, ya faɗi ainihin matsalar, ya kuma nuna mafita. Wasu sababbin manhajojin sun ɗan gyara, suna ambaton sunan ƙarin da ake buƙata. Amma ba kasafai suke faɗin abu biyu da mai amfani ya fi buƙatar ji ba: cewa fayil ɗinsa lafiya yake, kuma akwai hanyar buɗe shi ba tare da biyan ko sisi ba.

A ɓangaren masana'antar ma an fara neman hanyar kauce wa kuɗin haƙƙin mallaka. Ƙawancen Alliance for Open Media, da ya haɗa da Google, Microsoft da Netflix, ya fitar da nau'in bidiyo na AV1 a 2018 ba tare da neman a biya shi ba.

Abin yi kafin su gyara

Ka fara duba haruffan da ke ƙarshen sunan fayil. Idan ka ga .heic, ka san inda gizo ke saƙar.

Mafi sauƙin gyara yana hannun mai aikowa. A iPhone da ke da Faransanci, a shiga Réglages, sai Appareil photo, sai Formats, a zaɓi Le plus compatible. Daga lokacin, hotunan da aka ɗauka za su zama JPEG. Haka kuma idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, yakan isa a JPEG. Idan aka tura shi a matsayin takarda, yana zuwa ne yadda yake.

Don bidiyo, manhajar VLC, wadda ɗalibai suka faro a makarantar École Centrale ta Paris, kyauta ce kuma tana zuwa da nata kayan buɗe HEVC. Don fayil mai .rar, akwai 7-Zip, ita ma kyauta. A sauke su daga shafukansu na asali kawai.

Shafukan da ke sauya nau'in hoto a intanet suna aiki, amma kada a ɗora masu fasfo, katin ɗan ƙasa ko takardar asibiti, domin ba ka san inda za su kwana ba.

Ga 'yan uwa da ke ƙetare kuwa: kafin ku tura takarda mai muhimmanci gida, ku mayar da ita JPEG ko PDF, kuma kada ku goge ta asali sai mai karɓa ya tabbatar maku ta buɗe a kwamfutar shago.