Sabon inji a tsohon jirgin ruwa: Me ya sa ƙarfin doki kaɗai ba ya wadatarwa?

A garuruwan gaɓar tekun Amurka, musamman a Jihar Florida, akwai wata sana'a da ta daɗe tana ci, wato sayen tsohon jirgin ruwa na shaƙatawa, a cire masa injin da ya gaji, a sanya masa sabo mai ƙarfi domin ya yi gudu kuma ya iya nausawa cikin teku. Abin da ke jan mutane gare ta a fili yake. Gangar jirgin da aka ƙera da faiba, wato zaren gilashin da ake jiƙawa da wani irin danko ya daskare, tana iya kai shekara arba'in ko hamsin da sauran ƙarfinta, alhali inji yakan tsufa tun kafin nan.

Sai dai aikin yana da tarko. Inji shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ido ke fara gani, amma gangar jirgin ce ke yanke hukunci kan iyakar gudun da za a yi, da kuma ko waɗanda ke ciki za su dawo gida lafiya.

Jirgin da ya sauya tunani

Misalin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne jirgin Bertram 31, mai tsawon ƙafa 31. Asalinsa wani jirgin katako ne mai suna Moppie, wanda C. Raymond Hunt ya zana, Richard Bertram kuma ya lashe tseren Miami zuwa Nassau, babban birnin Bahamas, da shi a 1960, a ranar da teku ta yi tsananin fushi. A 1961 aka fara ƙera irinsa da faiba domin sayarwa.

Sirrinsa yana ƙasansa, wanda aka yi da siffar harafin V mai zurfi tun daga hanci har zuwa baya. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana gudu a ruwa mai kwanciya, amma da ya haɗu da igiyar ruwa sai ya riƙa dukanta kamar ana maka faranti a ƙasa. Mai siffar V kuwa tsaga igiyar yake yi. Kuɗin wannan ni'ima shi ne yana buƙatar ƙarfin inji da man da suka fi na wancan. Wannan ne ya sa har gobe masu irin wannan jirgi suke cire tsofaffin injinansa na fetur su maye gurbinsu da na dizal ƙirar Cummins ko Yanmar. Darasin farko ke nan: jirgin da tun asali ba a zana shi domin teku ba, babu injin da zai mayar da shi na teku.

Lissafin da ke sanyaya gwiwa

Da yawa sun ɗauka cewa idan aka ninka ƙarfin inji, gudu ma zai ninka. Masu zanen jiragen gudu suna amfani da wani tsohon lissafi da ake dangantawa da George Crouch, wanda ya nuna ba haka lamarin yake ba. A bisa lissafin, jirgin da aka ninka wa ƙarfi ba tare da nauyinsa ya sauya ba zai ƙara gudu da kusan kashi 41 cikin ɗari ne kawai. Wanda ke yin kilomita 50 a sa'a zai koma yin kusan 70.

Shan mai kuwa ba ya yin wannan rangwame. Ƙiyasin da bakanikai ke aiki da shi shi ne injin fetur mai ƙarfin doki 300, idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya, yakan sha lita ɗari da ɗoriya a sa'a guda. Lissafin ya kuma nuna cewa rage nauyi yana aiki kamar ƙara ƙarfi, saboda haka fitar da tarkace da katakon da ya sha ruwa daga cikin jirgi wata hanya ce ta samun gudu da ba ta ƙara shan mai.

Nauyin da ya koma baya

Jiragen da ake rataya wa inji a bangon bayansu, irin yadda ake gani a kwalekwalen Kogin Neja, suna da tasu matsalar. Waɗanda aka ƙera a shekarun 1970 da 1980 an auna su ne da injina masu bugu biyu, irin waɗanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai kamar ƙaramin janareta. Daga 1998 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara tsaurara dokar hayaƙi a kan waɗannan injina, kasuwa kuma ta karkata zuwa masu bugu huɗu. A 2020 ma aka daina ƙera injinan Evinrude, waɗanda suka daɗe suna riƙe da tutar masu bugu biyu.

Sababbin injinan sun fi tsimin mai, sun fi rashin ƙara, amma galibi sun fi tsofaffin nauyi. Injin Mercury mai ƙarfin doki 600 da aka fitar a 2021, alal misali, ya haura kilo 500. Idan aka ɗora nauyin da ya wuce ƙima, bayan jirgi yakan lotsa cikin ruwa. Kafofin da aka huda domin fitar da ruwa daga daɓen jirgin sai su koma ƙarƙashin ruwa, su riƙa shigo da shi. A kan gudu kuma hancin jirgin yakan riƙa tashi yana faɗuwa, ko jirgin ya riƙa tangaɗi dama da hagu har ya ƙwace wa matuƙi.

Saboda irin wannan ne dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba su liƙa allon da ke nuna yawan mutane da kayan da jirgi zai ɗauka, tare da iyakar ƙarfin injin da za a rataya masa. Wanda ya ƙetare iyakar nan yana iya samun matsala da kamfanin inshora ranar da tsautsayi ya auku.

Ruɓar da ido ba ya gani

A yawancin tsofaffin jirage, bangon baya katakon filawud ne da aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Haka nan haƙarƙarin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin daɓe, wanda injin cikin jirgi ke zaune a kansa. Duk ƙusar da aka ɗaura a jikinsu ba tare da an toshe raminta da kyau ba ƙofa ce ga ruwa. Bayan shekaru katakon yakan ruɓe daga ciki, fenti kuwa yana ta ƙyalli a waje. Tsohon inji mai rauni yana iya rufa wannan asiri, amma sabo mai ƙarfi zai tona shi, kuma yakan yi hakan ne a lokacin da jirgi ya yi tsalle a kan igiyar ruwa ya faɗo.

Masu binciken jirage suna ƙwanƙwasa bangon da ƙaramar guduma su saurari amonsa, su auna danshinsa da na'ura, wani lokaci har su huda ɗan rami su ga ko garin katakon da zai fito busasshe ne ko baƙi mai laima.

Tankin mai shi ne na biyu. Na alminiyam da aka binne a ƙarƙashin daɓe yakan ci daga waje inda danshi ya kwanta masa. Na faiba kuwa, irin wanda ke cikin tsofaffin jiragen Bertram, an gano cewa fetur mai gaurayen itanol kashi 10 cikin ɗari da ake sayarwa a Amurka yana narkar da dankonsa, daudar ta bi bututu ta lalata inji. Haɗarin fetur bai tsaya nan ba, domin tururinsa ya fi iska nauyi, yakan taru a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Shi ya sa ake umartar masu injin fetur na cikin jirgi da su kunna fankar fitar da tururi na aƙalla minti huɗu kafin su tayar da shi. Ɗora sabon inji a kan ruɓaɓɓen katako da tanki mai yoyo gyaran gangar Auzinawa ne.

Farfela da sitiyari

Kowane inji yana da adadin juyin da kamfani ya ƙayyade masa a minti guda idan an buɗe masa wuta, wanda a yawancin manyan injina masu bugu huɗu yake tsakanin 5,000 da 6,000. Farfela ce ke sa a dace da wannan adadi. Idan ta yi wa injin nauyi, zai riƙa nishi kamar motar da ke hawan tudu da babbar giya. Idan ta yi masa sauƙi, zai yi ta ihu ba tare da gudu ba. Ana gwada ta ne a kan ruwa, da cikakken tanki da yawan mutanen da jirgin zai riƙa ɗauka. Tsohon sitiyari mai jan waya ma ba ya riƙe babban inji yadda ya kamata, sai an koma mai aiki da matsin mai.

Teku daban, tafki daban

Tsakanin Miami da tsibirin Bimini na Bahamas kimanin kilomita 80 ne, amma a tsakaninsu wani ƙaƙƙarfan kwararon ruwa yake gudu zuwa arewa. Idan iska ta taso daga arewa ta yi karo da shi, igiyoyin ruwa sukan miƙe tsaye, su matso kusa da juna. A irin wannan rana, abin da ake nema shi ne jirgin da zai iya tafiya a natse a kan matsakaicin gudu, domin sauri ya haifi nawa.

Matuƙa suna bin ƙa'idar raba mai gida uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya kuma ajiya. Da yawa sun fi son matsakaitan injina biyu a kan babba guda, domin idan ɗaya ya mutu ɗayan ya kawo su gaɓa, amma dabarar tana cika ne idan kowane inji yana da batirinsa da matatar mansa. Sai rigunan kariya daga nutsewa, da famfunan kwashe ruwa fiye da ɗaya, da rediyon da ke kan tasha ta 16 ta neman agaji, da na'urar da ke aika wa tauraron ɗan'adam wurin da jirgi yake. Tun daga Afrilun 2021 kuma dokar Amurka ta tilasta wa matuƙan jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba ɗaura igiyar da ke kashe inji da zarar sun faɗi daga mazauninsu.

Wannan tsari ya shafi masu jiragen shaƙatawa a Legas, inda ake fita daga ruwan cikin gari mai kwanciya a faɗa Tekun Atlantika cikin ɗan lokaci. Ko a can ko a Florida, jerin kashe kuɗin ɗaya ne: a fara da binciken gangar jirgi, a gyara bangon baya da haƙarƙari, a sauya tanki da bututai da wayoyin lantarki, a tanadi kayan ceto. Abin da ya rage a aljihu bayan haka, shi ke nuna girman injin da ya kamata a saya.