"Subject To": Kalmomi Biyu Da Ke Ɗaure Ciniki Ko Su Kwance Shi

Gombe: Duk wanda ya taɓa karɓar takardar tayin rance daga banki, ko takardar ba da kwangila daga wata ma'aikatar gwamnati, ko yarjejeniyar sayen fili da lauya ya rubuta, ya ci karo da waɗansu kalmomi biyu na Turanci, wato "subject to". Sau da yawa mai karatu kan tsallake su domin ya kai ga layin da aka rubuta yawan kuɗi. Amma a gaban shari'a, abin da ya biyo bayan waɗannan kalmomi shi ne ke nuna ko ciniki ya faɗa, ko kuwa har yanzu ana cikin magana ne kawai.

Al'amarin ya shafi birnin Gombe ƙwarai. Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, garin ya tashi daga hedkwatar ƙaramar hukuma da cibiyar cinikin auduga da hatsi ya zama babban birnin jiha. Filaye sun yi daraja, bankuna sun buɗe rassa, kwangilolin gwamnati sun yawaita. Cinikin da a dā akan gama shi da kalmar "na sallama" a gaban dillali da shaidu, yanzu yakan ƙare ne a kan takarda, kuma da harshen Turanci irin na lauyoyi.

Ma'ana Uku, Lafazi Ɗaya

Babu kalmar Hausa guda ɗaya da za ta ɗauki nauyin wannan lafazi a ko'ina, domin yana da fuska uku. Fuska ta farko ita ce sharaɗi: abu ba zai tabbata ba sai wani abu ya auku tukuna. A nan fassarar da ta dace ita ce "sai idan", ko "muddin", ko "bisa sharaɗin". Fuska ta biyu ita ce fifiko tsakanin sassan doka: wannan sashe yana ƙarƙashin wancan, kuma idan suka ci karo wancan ne zai rinjaya. Fuska ta uku ita ce ɗora nauyi ko barin ƙofa a buɗe: abu kaza za a cire masa haraji, ko kuma farashi kaza yana iya canjawa. Wanda ya rikita waɗannan fuskoki, to ya rikita haƙƙinsa.

Fuska Ta Farko: Sharaɗi

Sanannen misali shi ne "subject to contract", wato sai an rubuta cikakkiyar yarjejeniya an sa hannu. Lafazin ya zo ne daga shari'ar Ingila, inda tun a ƙarni na 19 kotuna suka ɗauke shi a matsayin alamar cewa ɓangarorin biyu ba su ɗaure kansu ba tukuna. A shari'ar Chillingworth da Esche ta 1924, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta umarci mai sayarwa ya mayar da kuɗin kafin alƙalami ga mai saye da ya fasa, saboda cinikin nasu an rataye shi ne a kan wannan sharaɗi.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bi wannan hanya a 1988, a shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola and Sons. Bankin ya nemi hayar wani gini a Legas, ya kuma rubuta takardar tayi mai ɗauke da wannan lafazi. Mai ginin ya kashe kuɗi wajen yin gyare-gyare domin ginin ya dace da aikin banki, daga baya kuma bankin ya janye. Kotun Ƙoli ta yanke cewa babu yarjejeniyar haya da ta ɗaure kowa, domin ba a kammala ta ba, ba a kuma tsayar da ranar da hayar za ta soma ba. Darasi ga masu gine-gine a kan manyan titunan Gombe, waɗanda bankuna da kamfanonin sadarwa kan nemi hayar gidajensu, a fili yake: kada a fasa bango ko a sayi buhun siminti ɗaya a kan ƙarfin takardar da ke ɗauke da waɗannan kalmomi.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwar Arewa. A fiƙihun Malikiyya akwai ciniki na zaɓi, wanda malamai ke kira hiyari, inda mai saye ko mai sayarwa kan ajiye wa kansa damar fasawa cikin wani wa'adi. Bambancin shi ne, a hiyari an ƙulla cinikin, wa'adin kuma sananne ne, alhali a "subject to contract" ba a ƙulla kome ba, kuma kowane ɓangare yana iya juya baya ba tare da ya faɗi dalili ba.

Amincewar Gwamna

Babu inda wannan lafazi ya fi taɓa dukiyar jama'a kamar harkar filaye. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya hana mai riƙe da takardar mallakar fili ta gwamnati ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa filin ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. A Arewa wannan tsari ya girmi dokar 1978, domin Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta tanadi irin wannan izini.

A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina dungurungum saboda ba a sami amincewar gwamna ba, duk da cewa wanda ya ci bashin shi ne ya kawo wannan hujja domin ya hana a sayar da gidansa. Hukuncin ya girgiza bankuna, domin rance mai yawa yana tsaye ne a kan irin waɗannan takardu. Sauƙi ya zo a 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe Light Industries da Chinukwe, inda kotun ta bayyana cewa doka ba ta hana mutane su rubuta yarjejeniya su sa hannu kafin su nemi izini ba, sai dai yarjejeniyar tana nan a rataye, ba ta miƙa mallaka ba, har ranar da gwamna ya amince.

Wannan shi ne dalilin da ya sa lauyoyi ke rubuta "subject to the Governor's consent" a cikin takardun sayen fili da na jingina. A ɗauka wani ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi ya sayi fili mai takardar mallaka domin ya gina ɗakin ajiya, ya biya kuɗi cif, ya karɓi takardu, ya kuma kewaye wurin. A idon maƙwabta filin nasa ne. Amma muddin bai kai takardun ga hukumar kula da filaye ta jiha ba, wadda a Gombe ake kira GOGIS, aka sami amincewar gwamna aka yi rajista, to sunan mai filin na farko ne ke cikin kundin gwamnati. Ranar da ya nemi rance, banki zai gaya masa cewa ba shi da abin jinginarwa. Idan kuma mai sayarwar ya rasu kafin a kammala, maganar na iya komawa hannun magada.

Fuska Ta Biyu: Wane Sashe Ne A Sama

A cikin dokoki da tsarin mulki, lafazin yakan zo a farkon sashe domin ya rage masa ƙarfi. Shari'ar da lauyoyi suka fi ambata a nan ta fito ne daga maƙwabtan Gombe. A 1986 gwamnan soja na Jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur, wanda ya garzaya Babbar Kotun Tarayya yana neman kare haƙƙinsa a ƙarƙashin sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1979. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 1989, sai ta lura cewa ikon da sashen ya bayar an buɗe shi ne da "subject to", wato an sanya shi ƙarƙashin sauran tanade-tanaden tsarin mulkin. Tun da waɗannan ba su ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraren rikicin sarauta ba, kotun ta yanke cewa Babbar Kotun Jiha ce ya kamata a je. An ɓata shekaru ana jayayya a kan ƙofar da za a shiga, ba a kan tuɓewar kanta ba.

Kishiyar wannan lafazi ita ce "notwithstanding", wadda ake fassarawa da "duk da", ko "ko da kuwa". Ita ɗaga sashe take yi sama da saura. Da ita aka buɗe sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'o'in da suka shafi kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya, da kwastan, da dokar kamfanoni. Mai karanta yarjejeniya ya kamata ya riƙe wannan bambanci: sashen da ya fara da "subject to" mai biyayya ne, wanda ya fara da "notwithstanding" kuwa shi ake yi wa biyayya.

Fuska Ta Uku: Haraji Da Canjin Farashi

A takardun bankuna da sanarwar kamfanoni, fuska ta uku ce ta fi yawa. Idan kamfani ya ce ribar hannun jari tana "subject to withholding tax", ba sharaɗi yake gindayawa ba, yana sanar da cewa za a cire harajin kashi 10 cikin 100 ne kafin kuɗin su isa ga mai hannun jari. Haka nan, idan takardar rance ta ce kuɗin ruwa yana "subject to review", to bankin ya ajiye wa kansa ikon ƙara shi. A shekarar 2024 kaɗai, Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5 cikin 100, kuma irin wannan layi ne ya ba bankunan kasuwanci damar ɗora ƙarin a kan bashin da aka riga aka karɓa.

'Yan kwangila su ma sun san ɗan'uwansa, "subject to availability of funds", wato biya sai idan akwai kuɗi a baitulmali. Wanda ya ci bashi mai ruwa domin ya yi aiki a kan irin wannan takarda, shi ne ya ɗauki nauyin jinkirin.

Inda Labarai Ke Tuntuɓe

A ɗakunan labarai, matsalar ita ce gaggawa da ƙarancin wuri. Sanarwa kan zo da Turanci da sharaɗinta, amma kanun labari na Hausa ya fito da "an naɗa", ko "an sayar", ko "an amince". Tsarin mulki ya rataya naɗin minista a kan tabbatarwar Majalisar Dattawa, na kwamishina kuma a kan Majalisar Dokokin Jiha, saboda haka kafin zaman majalisa daidai shi ne a ce "an gabatar da sunan". Ba ƙaramin bambanci ba ne: Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin hukumar EFCC har sau biyu, a Disambar 2016 da Maris na 2017, ya kuma ci gaba a matsayin muƙaddashi har zuwa 2020.

A fagen kasuwanci, tazarar da ke tsakanin sanarwa da tabbatuwa tana iya kaiwa shekaru. A Fabrairun 2022 kamfanin Seplat ya sanar da sayen kadarorin ExxonMobil na gaɓar teku a kan dala biliyan 1.28, bisa sharaɗin amincewar gwamnati. A watan Agustan shekarar fadar shugaban ƙasa ta ce an amince, bayan 'yan kwanaki kuma aka janye. Ba a kammala cinikin ba sai a Disambar 2024. Wanda ya sayi hannun jari a kan kanun labarin farko ya yi jiran kusan shekara uku.

Ko ribar hannun jari ma haka take. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ce daraktoci shawara kawai suke bayarwa a kan ribar ƙarshen shekara. Babban taron masu hannun jari ne ke tabbatar da ita, kuma yana iya rage ta, amma ba ya iya ƙarawa. Don haka "sun ba da shawarar biya" shi ne daidai, ba "za su biya" ba.

Abin Da Ya Kamata A Tambaya

Tambayoyi huɗu sun isa ga wanda ya ga wannan lafazi a takardar da zai sa wa hannu. Mene ne sharaɗin? Wa aka ɗora wa nauyin cika shi, da kuɗin wa? Zuwa wace rana? Idan kuma bai cika ba, ina makomar kuɗin da aka riga aka biya? Idan takardar ba ta amsa waɗannan ba, sai a nemi a rubuta amsar a ciki kafin alƙalami ya taɓa ta, domin kotu abin da ke rubuce take karantawa, ba abin da aka faɗa a zaure ba.

Ga mai fassara da mai rubuta labari kuwa, ƙa'idar ɗaya ce: idan wuri ya yi kaɗan, a rage muƙamai da kirari, amma kada a rage "sai idan".