Tafarnuwa: Daga Fadama Zuwa Tukunya

Tafarnuwa 'yar ƙarama ce, amma ita ke ta da miya. A ƙasar Sakkwato, manoman Wurno da Goronyo sun shahara wajen nomanta a fadamun Gulbin Rima, inda aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Ana shuka ta da hunturu, wajen watan Nuwamba, gama sai ta sha sanyi take yin kai. Bayan wata huɗu ko biyar sai a cire.

Darajarta kuwa a tukunya take. Ƙwayar da ba a fasa ba ba ta da wani ƙanshi, sai an daka ta ƙarfinta ke fitowa. Don haka ne mata ke kirɓa ta da citta da kanumfari da barkono wajen yin yaji. Amma in ta ƙone cikin mai, sai ta yi ɗaci.

Ba Hausawa kaɗai ke ji da ita ba. A Jihar Luwiziyana ta Amurka akwai jama'a biyu da suka yi suna wajen girki: Kajun, watau jikokin Faransawan da Ingilishi suka fara kora daga Kanada a 1755, da kuma Kiriyol, waɗanda girkinsu ya gauraya na Faransa da Sifen da Afirka. Tushen miyarsu abu uku ne: albasa, da koren tattasai, da wani ganye wai shi seleri. Sai waɗannan sun yi laushi cikin mai sa'an nan a zuba tafarnuwa, don kada ta ƙone. Har laƙabi suke yi mata, wai ita ce "Fafaroma" a tukunya.

To, abin lura shi ne, ko a can ko a nan, ƙanshi da ƙarfi mai saye ke biya, su kuwa ba su zama sai an busar da ita sosai. Manomi ya jira ganye ya soma rawaya, ya tsai da ban ruwa kamar mako biyu kafin cirewa. Ya shanya ta inda iska ke ratsawa har wuyanta ya bushe ƙayau. Kada ya ɗura ta cikin buhun leda. Falke kuma ya matsa kai da yatsa kafin ya biya: in ya ji taushi, akwai danshi.

Wadda aka ɗura da danshi takan ruɓe kafin ta isa Legas, kuɗin iri da na ban ruwa duk su salwanta. Busasshiya kuwa takan yi watanni a ɗaki, har kasuwa ta tashi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.